Takun Malam a Kusurwar Littafi

Har yau in na ji an murza gefen littafi da babban yatsa, shafuka na wucewa farr, sai gabana ya faɗi. Sana'ata kuwa ke nan, zana tafiyar mutane da dabbobi a kwamfuta don finafinan yara. Amma na kasa sabawa da wannan ƙarar.

Ina 'yar shekara goma sha ɗaya a gidanmu na Tudun Wada, da wata damina, ɗan kawuna mai karatu a jami'a a unguwar Kongo ya nuna mini dabarar. Ya zana ƙwallo a kusurwar kowane shafi, ya murza, sai ga ƙwallo na tsalle. Shi ke nan, na kamu. Gidanmu gidan malamai ne, ba a zana mai rai a fili, don haka a ɓoye nake yi. Da akuyar Inna na fara. Kwana uku ina bin ta a tsakar gida cikin caɓi kafin na gane ƙafar baya ke fara tashi, sannan ta gaban da ke ɓangarenta ta biyo. Da akuya ta yi tafiya a takarda, sai raina ya biya in zana mutum.

Kakana na zaɓa, wanda kowa ke kira Malam. Tun kafin a haifi Baba, kullum da hantsi yake takawa zuwa unguwar Gyallesu ya ba da karatu a wani zaure. Bai taɓa yarda a kai shi a mota ba. Ni ce amaryarsa, irin wasan kaka da jika. In zai fita sai ya ce, “Amarya, yau ma babu koko? Zan sake ki fa.” Ni kuma in ce wa zai kwashi tsoho.

Na yi mako ina leƙensa ta ƙofar zauren gidanmu, na cika shafi goma sha biyu. Da na murza, sai na ga ƙafar hagu ba ta ɗagawa, jan ƙasa take, kafaɗar ma ta karkace. Na ɗauka kuskurena ne. Na goge, na sake leƙe, na sake zanawa, haka ta fito. Babbar riga ta ɓoye wa kowa, ban da yarinyar da ke ƙirga taku.

Son a yabe ni ya kai ni gaban Baba. Na shirya shan faɗa, amma cewa ya yi kawai, “Sake murzawa.” Sau uku. Washegari ya tsaya a zaure yana kallon bayan mahaifinsa, kafin azahar suna asibiti. Ashe ciwon shanyewar ɓarin jiki ne ya taɓa shi tun watanni, ya yi shiru don kada a hana shi fita. Aka kuwa hana shi. Ɗalibansa suka riƙa biyo shi gida, a hankali suka yi ta raguwa, har ya zama daga shi sai buzunsa.

Wata rana bayan la'asar ya kira ni, ya ce in kawo littafin. Ya ɗora a gwiwa, ya murza da hannun dama.

“Haka nake tafiya?”

Na ce haka ne, Malam.

“Ɗalibaina ma sun gani,” in ji shi. “Su sun rufa mini asiri.”

Ya miƙo mini abina, bai yage ba, bai yi faɗa ba. Amma daga wannan rana, da sunana na yanka yake kirana. Kafin damina ta zagayo ya rasu.

Na san Baba ya yi daidai, likita ma haka. Sanin bai taɓa rage mini komai ba, har yau ina jin ni na zaunar da shi. Yaran da nake koyarwa yanzu ba sa leƙe ta ƙofa, bidiyo suke ɗauka da waya su rage gudunsa. Nakan ce musu su kalli ƙafa da kyau, amma ban taɓa iya gaya musu abin da kallon ke jawowa ba.

Littafin na nan a ƙasan akwatina. Wani lokaci nakan murza, Malam ya ja ƙafarsa ya nufi Gyallesu. Shafi goma sha biyu ne kawai, kullum suna ƙarewa bai ko wuce ƙofar gidanmu ba.