Tsuntsu a Ɗankwalin Madam Astajam

Duk Garwa, daga Rumde Ajiya har bakin gada, babu maƙogwaron da ya sha wuya kamar na Madam Astajam. Ta daɗe tana riƙe da ajin ƙanana a makarantar rainon unguwarmu, irin waɗanda majina ma sai an fyace musu. Da safe muryarta garau, kafin azahar ta koma ta tsohon zakara. Citta ba ta rabuwa da jakarta.

Fitinar ta faro ne daga ido. Shugabar makaranta, Madam Ngono, 'yar kudu mai takalmi ƙwas-ƙwas, ta kira ta ta ce sufeton makarantu na tafe, shi kuwa a wurinsa yaron da bai kalli malama ba bai saurara ba.

"Ajinki kamar zaman makoki, kowa kai a ƙasa. In ya tarar da su haka, wata malama zan ba ajin, ke ki koma rakiyar yara bayan gida."

Su kuwa yaran nan, tun suna rarrafe ake koya musu in babba na magana a sunkuyar da kai. Astajam ta sani sarai. Haka ita ma aka raine ta, har yau ba za ta iya gaya maka kalar idon kawunta ba. Amma aji nata ne, ba ta shirya rabuwa da shi ba. Sai ta tafa hannu ta ce, "Ido a kaina!" Su ɗago kamar kaji sun sha ruwa, su sake duƙawa. Ta tafa har tafin ya yi ja.

Yaro ɗaya ne ya ɗauki darasin, Bobbo, kuma har gida ya kai shi. Washegari sai ga bappansa Sali a kan babur, ko injin bai kashe ba.

"Malama, yaro na kawo miki ko ɗan sanda? Ina cin abinci da baƙi ya tsaya ya tafa min hannu, wai Bappa ido a kaina! Har loma ta maƙale min."

"Yi haƙuri, Bappa, saurare muke koya musu."

"Da ido ake ji a makarantar nan? Kunnuwan fa, na ado ne? Ya sake, in ɗauke abina. Kuma ba ni kaɗai ba."

Duk wannan amsa da take bayarwa, nata kan a ƙasa yake.

Ta rasa inda za ta sa kanta. Su kalle ta, iyaye su kwashe yara. Su ƙi, a ƙwace aji. Daga ƙarshe ta yanko kwali, ta fitar da siffar tsuntsu, ta shafa masa jan fenti, ranar zuwan sufeto ta maƙala shi da fil a ƙoƙon ɗankwalinta.

Kai, zo ka ga kallo! Kusan kowane kai a sama, baki buɗe, babu mai ko motsi. Ba idonta suke kallo ba, don haka babu wanda ya yi rashin kunya. Ta ba su labarin kura da zomo, sufeto na baya yana ta gyaɗa kai. Da zai fita ya ce bai taɓa ganin aji mai natsuwa haka ba. Madam Ngono ta ce aji ya zauna a hannun Astajam.

Da suka tafi, Astajam ta tauna citta ta ce, "To 'ya'yana, a labarin nan wa ya faɗa rijiya?"



Bobbo ya ɗaga hannu. "Madam, in tsuntsun ya ji kashi, a kanki yake yi?"

Can a lungu Dija, wadda tun safe ba ta ɗago ba, ta ce wa gwiwoyinta, "Kura ce."

Astajam ta fizge tsuntsun za ta jefa ta taga. Aji ya ɓarke da kuka, har Madam Ngono ta leƙo. Dole ta mayar da shi.

Yana nan a kanta har yau. A kasuwa ma Madam Tsuntsu ake ce mata, kuma in za ka faɗa, ka tsaya nesa da hannunta.