Kukan Motar da Iya Ta Sani

A shekarun da muke ƙarƙashin Sakkwato, kafin a yanka mana jihar Neja, ina da rumfar walda a bakin tashar Kontagora. Duk abin da ya shafi hanyar hayaƙin mota wurina ake kawowa. Ina da zafin rai a lokacin, har yau ma bai gama hucewa ba, amma aikina ba ya dawowa, shi ya sa direbobi suke haƙuri da bakina.

Akwai wani direba sa'ana, mutumin Salka, da muke wasa da shi kamar abokan tashi. Hatsi yake ɗaukowa daga kasuwannin Salka da Ibeto a wata ƙatuwar mota da ubangidansa ya saya hannun masu aikin madatsar ruwa bayan sun gama. Motar tana da abin da ba mu saba gani ba, wai shi tobo. Wani ƙarfe ne mai kama da dodon koɗi, hayaƙin inji ne ke juya shi, shi kuma ya riƙa ɗura wa injin iska. In hayaƙi ya sami hanyar zurarewa kafin ya kai gare shi, ƙarfin mota ya ragu ke nan.

To, manifol ɗin motar a tsage yake tun ranar da aka sayo ta. Manifol shi ne hannuwan ƙarfen da ke kwaso hayaƙi daga bakunan inji shida su haɗa shi wuri guda. Ta wannan tsagar hayaƙi ke fita fat-fat-fat, ana jin sa tun daga bayan gari, kuma rabinsa cikin kan mota yake shiga. Kullum mutumina idanu jajaye, kai na sara. Na sha ce masa: "Kai, kifi ake yi wa banda da hayaƙi, ba direba ba." Sai ya yi dariya ya ce tasa ba ta ƙare ba.

Ranar da barci ya fizge shi a kan sitiyari da rana tsaka, har ya kusa faɗawa rami, ranar ya kawo mini ita da kansa.

Manifol ɗin ƙarfen zubi ne, ba ya riƙe walda, sabo kuwa ko a Kaduna babu. Sai na ce zan ƙera wani. Na samo bututu mai kauri, na cika kowane guntu da busasshen yashi, na toshe bakinsa, na gasa ya yi jajir sannan na lanƙwasa. Yashin ne ke hana shi mokaɗewa a gwiwa. Da igiya nake awon tsawon kowane hannu don kada wani ya fi wani, su iso bakin tobo tare. Ban taɓa aikin da ya shiga raina kamar wannan ba. Da aka tayar da inji, sai wani siririn fito mai daɗi, babu fat ko ɗaya. Ya hau ya zaga gari ya dawo yana washe baki, ya ce motar ta koma budurwa.

Da ya dawo daga kasuwar Salka ta gaba, ko sallama bai yi mini ba.

"Mayar mini da tsagata," in ji shi.

Na ajiye guduma na dube shi. "Hayaƙin ne bai gama fita daga kanka ba?"

Ya zauna a kan tsohuwar taya ya ba ni labari. Mahaifiyarsa, wadda dukanmu muke ce wa Iya, ta makance shekaru da dama. Gidansu yana nan Kontagora, gefen hanyar da ake shigowa gari. In ya ɗauko kaya ba ya iya tsayawa, sai ya wuce kasuwa an sauke, an share mota, sannan ya isa gida bayan la'asar. Ashe duk ranar da ya fita Iya ba ta sa komai a bakinta sai ta ji fat-fat ɗin nan ya wuce bayan danga. A nan take cewa alhamdulillahi, ta ce a miƙo mata fura. Wannan karon ya wuce da fitonsa mai daɗi, ita ba ta ji komai ba. Ya tarar da ita a ƙofar gida, fura ta yi tsami a gefenta, tana tambayar duk mai wucewa ko an ji labarin haɗari.

Na tausaya mata, amma na ce masa ba zan mayar da hayaƙi cikin hancinsa ba ko zai mutu don fushi. Na ce ya gaya mata ta koyi sabon kukan. Ya ce ya gaya mata, ta ce motoci masu fito da yawa suke, na ɗanta kuwa guda ne.

Sai muka ɗauko ta. Aka shimfiɗa mata tabarma a inuwar rumfata, 'yar tsohuwa ƙanƙanuwa, Hausarta da gargada irin ta mutanen Salka na da. Na fara da dabarun da ba za su taɓa aikina ba. Na huda ƙarshen salansa, wato bututun da hayaƙi ke fita ta baya, aka tayar. Ta karkata kai ta ce: "Motar wani ce." Na liƙa wani faifan ƙarfe a bakin bututun don ya riƙa kaɗawa. Ta ce: "Ɗan nan, wannan ai injin niƙa ne." Direbobin da suka taru suka bushe da dariya, ni kuwa raina ya soma ɓaci.

Na san abin da ya rage, shi ne nake ta kauce masa. Na ɗauki abin huji na sa a hannu na uku na manifol ɗin, daidai inda tsohuwar tsagar take, na huda aikin da na fi so a duniya. Wallahi kamar a jikina nake hudawa. Sannan na haɗa wani siririn bututu daga hujin, na bi da shi ta ƙarƙashin mota har baya, yadda hayaƙin zai fita nesa da direba.

Aka tayar. Fat-fat-fat, ga fiton a bayansa. Iya ta ɗaga kai, fuskarta ta buɗe gaba ɗaya.

"Ga shi nan," ta ce. "Ga ɗana nan." Alhali yana tsugune kusa da gwiwarta tun ɗazu.

Ta sa mini albarka har na ji kunya. Na gaya wa mutumina motar za ta ɗan rage ƙarfi a hawa. Ya ce ai don haka aka yi wa mota giya.

Ina kewar wannan zamanin. Motocin garin ba su da yawa, kowace da muryarta, matan gida suna ɗora tukunya da jin kukan motar maigidansu. Yanzu in na zauna a ƙofar gida duk ƙara ɗaya nake ji.

Iya ta rasu da damina, shekarar da aka ba mu jiha. Bayan an share makoki ya kawo motar a duba masa wani abu daban. Ina ƙarƙashinta na ga siririn bututun nan ya yi tsatsa, sai tsohon ciwona ya motsa. Na leƙo na ce masa, a hankali dai, ko in toshe hujin yanzu, mota ta sami ƙarfinta cikakke.



"Bar shi," ya ce. "Hanyar da nake shigowa gari ta gefen maƙabarta take bi."