Kwantirola Biyu a Shagon Yaya

Sunan Injiniya da ake kiranta da shi, tsokana ce ta haife shi. Mahaifinta mai gyaran rediyo ne a wani ɗan shago mai taga ɗaya, kuma tun tana 'yar shekara goma ita ke riƙe masa waya in zai yi liƙi da dalma. Da idonsa ya fara rauni sai suka yi musanyar kujera, ita ke liƙi, shi yana jingine da bango yana sauraren kukan rediyon yana gaya mata inda za ta taɓa. Maƙwabta in sun zo wucewa sai su ce, "Injiniya, an fito?" su yi dariya. Dariyar ta wuce, sunan ya zauna.

Ta yi aure, ta haifi uku, mijin ya rasu autarsu na goye. A lokacin kuwa kasuwar rediyo ta mutu, kowa ya koma wayar hannu. Unguwarsu a ƙarshen gari take, inda turakun lantarki ba su kai ba, don haka duk mai hali sola yake sawa. Ta je ta yi kwas na wata huɗu, ita kaɗai mace a cikin maza sha tara. Hawa kwano dai ta bar wa masu gwiwa. Nata aikin na cikin ɗaki ne, wajen batir da kwantirola da inbata mai juya wutar batir ta koma irin ta gida.

Mutum ɗaya ne bai taɓa kiranta aiki ba, yayan mijinta. Yana da shagon ƙanƙara da ruwan sanyi a bakin titi. Mutumin kirki ne, bai taɓa barin marayun ƙanensa ba, sai dai yana ganin babu abin da bai iya ba a duniya. Shi ɗinki ya so ta koya. Shekara shida in sola ɗinsa ta yi ciwo, sai ya tsallake gidanta ya je neman wani.

Wata safiya matarsa ta kira ta a waya. "Ƙanwata, don Allah ki zo. Mako uku kenan ƙanƙara na narke mana, yayanki kuma girman kai ya hana shi magana."

Ɗakin wutar yana bayan shagon, ƙarami ne, yana warin jiƙaƙƙen kwali. Batura takwas jere a ƙasa, kanta ta katako cike da ledoji a jikin bango, sama da ita kuma kwantirola biyu, ɗaya hagu ɗaya dama. Kwantirola shi ne akwatin da ke tsakanin faifan sola da batir. Yana auna ƙarfin wutar batirin, in ya ga ya cika sai ya rage caji. Kowanne da nasa faifan a kan kwano, amma batura ɗaya suke ciyarwa, don haka lamba ɗaya ya kamata su riƙa nunawa.

"Wannan ya ce ashirin da takwas da rabi, wancan ya ce ashirin da bakwai," in ji Yaya, hannunsa a baya. "Mai gyara na farko ya ce na hagu ya mutu. Na biyu ya ce na dama ne. Na uku ya ce in zubar da baturan duka."

Injiniya ta duba. Na hagu ashirin da biyar da ɗigo biyu, na dama ashirin da biyar da ɗigo ɗaya.

"Ai yanzu sun ga baƙuwa ne suka natsu," Yaya ya ce.

Ta fito da mitarta ta awon wuta, ta ɗora baƙin tsinke da jan tsinke a kan batir. Ashirin da shida da ɗigo huɗu. Yaya ya leƙo ta kafaɗarta, ya fashe da dariya har yana dafa bango.

"Madalla! Da maƙaryata biyu gare ni, yanzu sun zama uku."

Kunya ta kama ta har tafin ƙafa. Ta matso da mitar kusa da ido, sai ga 'yar alama a kusurwa tana nuna batirin mitar kansa ya yi sanyi. Ta lalubo sabo a aljihun jaka, ta kwance murfin da sukudireba ta canza. Ta sake aunawa, ashirin da biyar da ɗigo ɗaya.

"Nawa maƙaryacin ya tuba, Yaya. Saura naka."

Daga nan ta jawo wani bokiti ta kife, ta zauna, ta yagi kwali. Duk rabin awa sai ta rubuta abin da na hagu ya nuna da abin da na dama ya nuna. Yaya ya shiga ya fita, ya sake shiga.

"Gyaran kenan? Zama?"

"Rana nake jira, Yaya."

Matarsa ta kawo mata shayi, suka yi hirar yara da ciwon baya. Da hantsi ya yi, lambobin suka fara rabuwa kaɗan-kaɗan. Kafin rana ta take tsaka na hagu ya kai ashirin da takwas da rabi, har ya kunna koriyar fitilarsa wai batir ya cika, alhali na dama yana ta fama a ashirin da bakwai da ɗigo uku.

Sai ta miƙe. Ta auna a bakin kwantirolan hagu, inda waya ke fita: ashirin da takwas da rabi, daidai da abin da ya nuna. Ta sunkuya ta auna a kan batir: ashirin da bakwai da ɗigo biyu.

"Kwantirolan nan lafiyarsa ƙalau," ta ce. "Abin da ke bakinsa yake faɗa. Tsakaninsa da batir ne akwai wurin da wuta ke maƙalewa. Da safe wutar kaɗan ce, tana wucewa salin-alin. Da rana ta yi yawa sai ta cunkushe a gefensa, shi kuma ya zaci batir ya ƙoshi, ya rage caji. Rabin faifanka hutu suke yi, Yaya, shi ya sa firiza ke mutuwa kafin gari ya waye."

Ta bi wayar na dama da hannu, kauri ɗaya ce tun daga sama har batir. Ta bi ta hagu, sai ta ga ta shige bayan kantar katakon.

"A taimaka a ja min kantar nan."

"Babu komai a wurin," Yaya ya ce da sauri. "Tana da nauyi."

Matarsa ta riga ta kama gefe ɗaya. Suka ja. A bayan kantar, kakkaurar wayar ta ƙare, an murɗe ta da hannu da wata siririya irin ta dutsen guga, an naɗe da baƙin tef. Tef ɗin ya narke yana danƙo. Injiniya ta kai bayan hannunta kusa, ta janye da sauri saboda zafi. Kwalin da ke jingine a wurin har ya yi baƙi-baƙi.

Matar Yaya ta dafe ƙirji. "Wayyo! Wane mara tsoron Allah ne ya yi mana wannan aikin? Ai da shagon ya tashi!"

Injiniya ta ɗaga ido. Yaya yana kallon silin kamar yau ya fara ganinsa. Ta dubi ƙasa, ga sawun baturan nan a siminti inda suke a da, ga sabuwar firiza zaune a rabin wurin. Ta gane an matsar da su ne waya ta kasa kaiwa.

"Aikin gaggawa ne, Anti," ta ce. "Allah ya kiyaye, shi ne babba."

Ta kashe ɓangaren faifai tukuna, sannan na batir. Ta yanke haɗin, ta ɓare tef ɗin, jan ƙarfen ciki ya yi kore da tsatsa. Ta auno sabuwar waya mai kauri da tsawo irin na ta dama, ta matse mata kawuna, ta ɗaure noti da sifana har sai da hannunta ya yi ja. Ta mayar da batir, sannan faifai. Su uku suka tsaya suna kallo. Na hagu ashirin da bakwai da ɗigo shida, na dama da ɗigo biyar, kuma 'yar fankar da ke cikin na hagun ta tashi tana huci.

"Har yanzu da saura," Yaya ya ce a hankali.

"Ɗigo ɗaya ba faɗa ba ne. Ko 'yan tagwaye ba sa atishawa tare."

Da za ta tafi, shi ya ɗaukar mata jaka har bakin titi. Suna jiran abin hawa sai ya yi gyaran murya.

"Maman yara, wayar nan ni na haɗa ta."

"Na sani, Yaya."

"Ita ma ta sani?"

"Dutsen gugarta ne babu waya tun mako uku. Ta gaya min muna shan shayi."

Ya yi dariya ƙasa-ƙasa yana girgiza kai.

Bayan kwana biyu ya aiko mata da ƙanƙara guda, ƙatuwa, daskararriya kamar dutse, an naɗe a buhu. Ba ta da firij a lokacin, sai ta sa aka fasa ta a tsakar gida aka raba wa maƙwabta. A makon nan mai kemis ɗin da ke kusa da shagon ya kira ta, bayansa mai injin niƙa, dukansu kuma suka ce Yaya ne ya ba su lambarta. Yanzu ta haura hamsin, tana sa tabarau in za ta karanta mita, kuma ba ta karɓar aikin kwantirola da yamma. Takan ce wa mai kira ya jira gobe, za ta zo da hantsi, ya tanadar mata wurin zama.