Ranar da Na Sa wa Kyanwa Lalle

Bari in tona asirin kaina kafin wani ya riga ni: ni ne mutumin da ya sa wa kyanwa lalle. Idan ka ji labarin a kasuwar Belbeji an ƙara masa gishiri, amma tushensa gaskiya ne. Kuma da furfurata na yi. Shekara biyu kawai na yi a lakwal, makarantar boko, ita ma rabinta barci ne, to me ake jira daga wurina?

Kyanwar fara ce tas, sai ɗigon baƙi a kunnen hagu. Ta shigo gidanmu tana ƴar mitsitsiya, a shekarar da ɓeraye suka huda mana rumbu, har uwargidana take tambaya ko gero muke nomawa ko ɓeraye muke kiwo. Daga zuwanta rumbu ya samu mai gadi. Shekara goma sha uku tana wannan aiki. Ni ban taɓa daɗewa haka a kan sana'a ɗaya ba.

Wata bazara sai na ga ta sake. Ta tare a gindin randa, ta sha ruwa, ta koma ta sha, ta yi ta fitsari. Ƙashin bayanta ya fito kamar tasbaha, bakinta na wari, abin da ta ci sai ta amayar. Ɓera ya gitta gabanta a tsakar gida, ta bi shi da ido kawai. Ranar nan na san ba lafiya.

Na kai maganar wurin shan shayinmu na bayan la'asar. Akwai wani maƙwabcina, makiyayin awaki, wanda bai taɓa cewa bai sani ba.

Ya ce, "Malam, ai farar dabba ce. Farar dabba ba ta da ƙarko. Duba garkena, in rani ya yi tsanani farare ke fara faɗuwa. Wannan ba za ta ga ruwan farko ba."

Na ce, "To babu dabara?"

"Jiƙa mata kanwa, yadda muke wa raƙumi in ya rame. Farin kuwa, haka Allah ya yi ta."

Kanwa na ji, na jiƙa, na ɗura mata. Amma maganar farin ta tsaya mini a rai. Na ce in dai fari ne ciwon, ai fari yana da magani. Na bari uwargida ta tafi barkar haihuwa, na buɗe kwallarta na ɗebi lalle, na kwaɓa, na kama baiwar Allah na shafe ta daga wuya har wutsiya. Ta yakushe ni, kuma ta yi daidai.

Uwargida ta dawo ta tarar da wata halitta jaja-jaja kamar tofin goro tana kwance a inuwa. Ta dube ta, ta dubi hannuwana.

"Maigida, aurar da ita za ka yi? Wane ne angon?"

Kwana uku ana ɗura kanwa, kyanwa ta daina ko tashi. Sai na sa ta a kwando, na rufe da tsohon rawanina, na hau motar kasuwa zuwa Tanout wurin likitan dabbobi. Mutane sun jeru da shanu da tumaki, ni ina rungume da kwando. Da likitan ya buɗe kwandon sai ya cire tabarau ya goge ya mayar.

"Baba, wannan wace irin kyanwa ce?"

Na ce, "Rinin gida ce, likita."

Ya yi dariya har ya dafa tebur, sannan ya wanke ta da kansa, ya ce lalle in ta lasa guba ne gare ta. Ya matsa cikinta, ya shinshina bakinta, ya ja fatar wuyanta ta tsaya ba ta koma ba. Ya ce ba shi da na'urar awon jini, amma duk alamun na ciwon ƙoda ne, ƙodarta ta gaji.

Na ce, "Saboda fara ce?"

"Baba, ƙoda ba ta san launin gashi ba. Baƙa, ja, mai zane, in shekaru suka taru duk haka suke yi. Tsufa ne. Kanwar nan kuwa ita ta ƙara mata nauyi, kyanwa ba raƙumi ba ce."

Ya yi mata allurar ruwa a ƙarƙashin fata. Ya ce ba za ta warke ba, kwana na Allah ne, amma ina iya sauƙaƙa mata: ban da kanwa, ban da gishiri, abinci mai laushi kaɗan-kaɗan, da ruwa mai daɗi a ko'ina ta juya.

Ruwan ne matsala. Rijiyar garinmu zartsi gare ta, mun saba. Mai daɗin tana can cikin kwari, tafiyar sa'a guda, kuma mata ke zuwa, su ma sai in za a yi baƙi. Dattijo ba ya zuwa can. Ni na je. Kullum bayan asuba in ɗora jarka biyu a kan jaki. Matan rijiya suka sa mini suna angon kyanwa, suna yi mini guɗa. Na ce su yi, ai ban taɓa samun guɗa kyauta ba. Na jera ƙore huɗu a gida, ɗaya a gindin rumbu, ɗaya a bakin ɗakina, ragowar ruwan in juye a randa.

Ta tashi. Ba ta yi ƙiba ba, amma ta tashi. Ta ga ruwan farko, ta ga na ƙarshe. Jajayen awakin maƙwabcina biyu suka mutu a wannan damina, na je na yi masa jaje, na tambaye shi ko ta ƙarƙashin fata farare ne. Ranar da muka zuba dammunan gero a rumbu, da hantsi, sai ga ta tana tangaɗi da ɓera a baki. Ta ajiye mini shi a kan tabarma. Ɗan ƙarami ne, mai yiwuwa shi ma ba shi da lafiya, amma na ɗaga shi na zagaya unguwa da shi. A rayuwata ban yi abubuwan alfahari da yawa ba. Waɗannan watanni bakwai na ɗebo ruwa kam, nawa ne.

Bayan girbi da ƴan makonni ta kwanta a inuwar rumbu ba ta tashi ba. A nan na binne ta, da sauran ja kaɗan a wutsiyarta.

Washegari na idar da salla, ban ankara ba sai na gan ni ina ɗaura wa jaki jarka. Uwargida tana tsaye a bakin madafa da ludayi a hannu. Shekara arba'in ke nan tana shan zartsi a gidana. Ta dube ni, ta dubi jarka, ta ce:

"Ashe duk shekarun nan ka san hanyar rijiyar."