Ni Na Hana Yayana Dashen Albasa

Edita, sallama. Ni dai tun hwarko ba ruwana da wagga magana, jawo ni anka yi. Ɗan kabu-kabu nike a Wurno, karatuna aji ukku na sakandare yat tsaya, sauran a tasha nic cika shi. Laihina guda: ni ad da babbar waya gidanmu. To ka san duk wanda ad da babbar waya, shi na lauya, shi na likita, shi na ma'aikacin gwamnati. Ko akuya taƙ ƙi cin dussa sai a ce in diba cikin waya.

Yayana injin casar shinkahwa ya daɗe shina aiki, sai rana guda anka ruhe wurin anka sallame su. Ga mata ga ɗiya huɗu. Allah yat taimaka anka ɗauke shi cikin wani shiri na tallahin wata-wata ga waɗanda sunka rasa aiki, na wata shidda. Ni nic cika mai fom, tun ran nan kowa ka ganina awa ni niƙ ƙirƙiro shirin. Wa'adi na gab da ƙarewa sai surukinai na Goronyo yak kira shi, yac ce ga wani yanki na hwadama kusa ga ruwa, kuma ya riga ya reni irin albasa, shi zo shi dasa, in an cire su raba. Yac ce amma shi hanzarta, iri ba ya jiran kowa, in yat tsuhwa sai zubarwa.

Cikin satin nan dai labari yaz zo an ƙara wa'adin tallahi, amma sai an tantance mutane. Muna zamne tasha wani yat turo muna saƙon murya. Wani mutum na mai ƙatuwar murya, har yau ban san ko wa na ba, shina rantsuwa wai duk wanda anka iske yana wata sana'a za a soke sunanai, wai har tahin hannu sukan diba. Nit taho gida ƙirji gaba, nic ce ma Yaya kar shi kuskura shi taka hwadama sai an gama. Yat tambaye ni albasa hwa? Nic ce albasa ba ta da ƙahwa, kwana goma na duka. Inna tac ce ita dai ta hi yarda da abin da mutum yad dasa da hannunai. Nic ce mata ba ta san yadda gwamnati ka aiki ba. Tac ce ni na sani? Nin nuna mata waya.

Haka Yaya yaz zamna. Kullum da sahe shi yi wanka, shi sa tsohuwar riga yadda nit tsara mai, shi tai gindin dogon yaro gaban ohis ɗin shirin tare da 'yan'uwanai. Har basilin nis sayo mai shi dinga shahwa ma hannu don kantar aiki ta kwanta. Yau a ce masu tantancewa suna Rabah, gobe a ce motarsu ta lalace wajen Tursa, jibi a ce ba sabis. Ni ko ina ta haya abina. In nab biyo da fasinja sai in danna mai hon in ce ranka shi daɗe shugaban marasa aiki. Satin hwarko shina dariya. Sati na ukku ko kai bai ɗagawa. Suruki ya kira sau ukku, na huɗu bai kira ba, saƙo ya aiko: ya ba maƙwabcinai wurin.

Bayan kwana biyu sai ga masu tantancewar, wata hajiya da kwamfuta da maza biyu. Na aje mashin na tsaya bakin taga don in ga aikina. Tambayar hwarko, mi kaf fara yi ma kanka tun da aka sallame ka? Yaya yac ce ko tsinke bai ɗaga ba, yam miƙa hannuwa suna ƙyalli. Tad dube shi tad dubi hannun, tac ce ita ba lalle tat taho sa mai ba. Tac ce ƙarin na waɗanda sunka kama wani abu na, don a tallabe su abin shi tsaya, masu noman rani ma za a sa su layin injin ban ruwa. Shi sai shi jira zagaye na biyu. Wanda ab bayanai, da taɓo har gwiwa daga hwadama yat taho, nan take anka ɗauke shi. Wallahi ji niy yi awa in shige cikin tankin mashin.

Zagaye na biyu har yau shiru. Yanzu Yaya ƙodago shikai a wurin nan dai da anka so ba shi, shina cire ma wani albasa, ni ka kai shi kullum da sahe. Don haka nika roƙon samari irina, riƙe waya ba ilimi na ba. In ba ka ji daga bakin masu abu ba, ka ce ba ka sani ba, ba ka mutuwa. Kai kuma mai jiran tallahi, in aiki yaz zo ka kama shi da hannu biyu, wanda ka ba ka shawarar zama ba shi ka ciyar da ɗiyanka ba.

Ni ma ba da sauƙi niy yarda ba. Ran da abin yaf faru tsakar gida nit tsaya ina ta hwaɗa, laihin gwamnati na da ba ta bayani, laihin mai saƙon murya na, laihin suruki na da bai da haƙuri. Matar Yaya, wadda kullum muke wasan ƙanen miji da ita, tana tankaɗe ba ta ko kalle ni ba. Sai da nig gaji tac ce:

"To lauya, mun ji. Sati ukkun da kac ce shi zamna, kwana nawa ka aje mashin kaz zamna tare da shi?"