Dilon da Hajo Ta Jiƙa

Duk ƙasar Gobir, daga Isa har bakin iyaka, babu wanda ya kai ni sanin daji. Haka nake faɗa a gindin bedi, wato darbejiya, kuma ba sau ɗaya ba. Na ce a jefa ni dawa da wuƙa kaɗai, a dawo bayan kwana arba'in, za a tarar na yi tumbin da sai an ɗauko ni a amalanke. Ina jero sunayen ganye kamar mai tilawa: tafasa, lalo, gasaya, yaɗiya, jiga, anza. Ni na naɗa kaina Sarkin Dawa. Matata Hajo in ta ji, sai ta ce, "To sarki, miƙo ƙwarya."

A shekarar nan ruwa ya ɗauke bayan noman farko. Gero ya kai gwiwa ya ƙone a tsaye. Ko tafasa ba ta fito ba. Muka koma ga anza, itacen nan da fari ba ya kashewa. Ƙwayar 'ya'yanta ita ce dilo. Hajo takan ɓare ta zuba a tukunya, ta jiƙa kwana da kwanaki, kullum tana sauya ruwa. Ni a zatona don ya yi laushi ne. Ban taɓa tambaya ba. Ci ne nawa.

Mu biyu ne a gidan, 'ya'yanmu suna ɗakunan aurensu. Tuntuni mun yi magana: ran da 'yan bindiga suka shigo, kowa ya yi ta kansa, mu haɗu a garin Burkusuma, gidan yayarta Tumba.

Ranar Talata ce. Na dawo daga sallar asuba na tarar Hajo ta tsiyaye ruwan tukunya. Kwanan dilon huɗu ke nan. Ta ɗauki jarka biyu za ta rijiyar bakin gari. Na ce ta gaida min rijiya. Ta ce in ta amsa za ta faɗa min.

Hantsi ya ɗan ɗaga na ji ƙugin babura. Ba ɗaya ba, ba goma ba. Kaji suka watse. Sai harbi, kuma daga wajen rijiya ya fara. Na ji 'yan bindigar suna ihu:

"Kowa shi kwanta!"

"Tare can! Tare can!"

Na tsallake danga. Wuƙar da nake taƙama da ita na bar ta a kan tabarma. Na yi arewa, wajen Burkusuma, da takalmi ɗaya. Ban yi wajen rijiya ba. Wannan ma in faɗa, tunda faɗi nake.

Da azahar na waiga na ga hayaƙi wuri uku. Da la'asar harbi ya yi nisa har na daina ji. Na bar hanya don tsoron babura, na faɗa cikin sabara da geza, kuma a nan arewa ta ɓace min. Duk kalgo kama ɗaya. Na sha ruwan wani kwatami da shanu suka dama, na kwana a gindin aduwa.

Laraba na wuni ban ga ɗan Adam ba. Ni da ba na iya rufe baki ko a wurin jana'iza. Na yi wa wani ƙadangare barkwanci, ya gyaɗa kai ya wuce. Na ce ko Hajo ta fi shi dariya.

Na ga yaɗiya ta hau wata ƙaya. Na gane ta, na kira sunanta. Na tsinka na tauna ɗanya, ta tsaya min a wuya. Wajen azahar na faɗa kan anza, 'ya'ya jingim. Na ce yau za ni ci abinci. Na tsotse zaƙin bayan, na fasa ƙwayar, na watsa baki. Haƙorana lafiya lau, me za ni yi da jiƙo? Ɗaci ya doke ni har ƙeya. Na ce yunwa ce ta ɓata min baki. Na ci tafi biyu.

Kafin la'asar ciki ya murɗa. Amai, sannan zawo, sannan amai kuma. Ɗan ruwan da ke jikina ya fita duka. Na ja jiki zuwa inuwa. Ungulu biyu suka sauka a kan wani busasshen gawo, suna kallona kamar na yi musu alkawari. Abu ɗaya nake maimaitawa: Hajo tana Burkusuma, tana jira, za ta ce sarki ya makara.

Alhamis da hantsi na ji motsin ƙafa. Na rufe ido. Aka zuba min ruwa a fuska. Tumba ce, da ƙwaryar tsinkar ganye a kai. Tun da ta ji labari kullum take fitowa ta yi kudu, tana duban ƙanwarta. Ashe Burkusuma na nan kusa, har ana jin kukan jakai.

Ta ce, "Ina Hajo?"

"Ba ta wurinki?"

Ta sauke ƙwaryar. Ta zauna a ƙasa.

Juma'a wani maƙwabcinmu ya iso gidan Tumba, inda ta kai ni. Ya ce an rufe waɗanda aka samu a rijiya. Hajo na ciki. An ga jarkokinta, ɗaya cike, ɗaya ba ta kai ga cikawa ba. Shekararmu ashirin da shida tare.

Na zauna gidan Tumba. Ita ma dilo take jiƙawa. Wata safiya tana tsiyaye ruwa, na matso na tsuguna. Na ce, "Yaya, wai kwana nawa ake yi mai?"

Ba ta ɗago ba.

"Bakwai, kahin dahin shi hita. Shekara ashirin da shida tana hidda ma dahi cikin tukunya, kai kana waje kana jera sunaye."