Sun Lashe Mini Ɗorawar Darasi

Jama'a, yau 'yan ajina sun cinye mini darasi, ci na baki!

Sati biyu ina shirin koya wa 'yan sizyam, ajin farko na kwaleji, haɗa launi, don yau insifekta zai zo daga Mayahi ya duba aikina. Lakwal ɗinmu babu fenti. Sai na samo bula ta wanki da garin ɗorawa, in nuna masu shuɗi da rawaya ke ba da tsanwa. Na raba wa kowane tebur. Sai darakta ya kira ni biro, wato ofishinsa. Minti goma kacal!

Na dawo tare da insifekta. Ɗorawa ko ƙyas! Sun lashe ta tas!

Na ce, "Wa ya taɓa mini kaya?"



Insifekta ya ce, "Madam, ina launin da za ki haɗa?"

Sai Rabi, shugabar aji, ta ce masa, "Mushe insifekta, mun haɗa." Ta zaro harshe. Tsanwa shar! Ashe da bular suka dama!

Insifekta ya rufe littafinsa ya ce, "A kai su likita."

Yanzu haka ina can, da yara tara da iyayensu a kaina!